Akwatin Da Ke Magana Da Ƙwayoyin Zarra Masu Sanyi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na ilimin kimiyya daga nan birnin Njamena. Ina gaishe da mutanen Farsha da Dembe da Shaguwa da Waliya, da 'yan'uwanmu na tsallaken kogi a Kuseri, da duk wanda muryar nan ta iske shi a kasuwa ko a gida ko a bakin aiki.

Yau zancenmu a kan wani akwati ne na ƙarfe wanda mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa a hannu. Ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, abin da yake fitarwa ma ido ba ya ganinsa. Aikinsa ɗaya ne, ya samar da igiyar rediyo mai saurin kaɗawa, irin wadda masana ke kira maikirowef, ya kuma riƙe ta daram ba tare da ta karkace ba. Da wannan akwati ake auna lokacin da duniya duka ke aiki da shi. Da shi kuma ake iya gane ko ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar Tafkin Chadi ya ƙaru ko ya ragu, ba tare da an haƙa rijiya ba. Ku ba ni aron kunnuwanku, mu bi abin sannu a hankali.

Muryata da kuke ji yanzu, igiyar rediyo ce ta ɗauko ta ta kawo muku. Tashoshin FM suna aiki da igiyar da ke kaɗawa sau miliyan 88 zuwa miliyan 108 a cikin sakan ɗaya. Wayar salula da ke aljihunku ta fi haka sauri, tana aiki da irin su miliyan 900 da miliyan 1,800. Idan kuka ɗaga kai kuka dubi dogayen turakun Airtel da na Moov Africa da ke cikin gari, za ku ga wasu fararen faya-fayai a maƙale, kowanne yana fuskantar wani turke da ke can nesa. Waɗannan igiyar maikirowef suke aika wa juna, mai kaɗawa sau biliyoyi a sakan. Ita ce kuma farantin talabijin na kan rufin gida yake kamowa daga tauraron ɗan'adam. Ashe dai ba baƙuwa ba ce a garin nan, kullum muna cikinta.

To, mene ne haɗinta da ƙwayar zarra?

Duk abin da Allah ya halitta a duniyar nan, ruwa ne ko ƙarfe ko iska ko jikin mutum, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, ƙanana ƙwarai da gaske. Kowace irin ƙwaya kuma tana da tata igiyar da take amsawa. Kun san yadda ake murɗa akwatin rediyo ana neman tasha. Ka wuce lambar kaɗan, sai shuu. Ka gaza ta kaɗan, sai shuu. Amma da ka dace da lambar, sai murya ta fito tangaran. Haka ƙwayar zarra take. Akwai wani ƙarfe mai laushi da ake kira siziyom. Idan aka haska wa ƙwayarsa igiyar da ke kaɗawa sau 9,192,631,770 a sakan, sai ta juya daga wani hali zuwa wani, kuma ana iya ganin ta juya. Idan lambar ba ta dace ba, ko gezau ba za ta yi ba. Wani ƙarfen kuma mai suna rubidiyom, nau'insa na 87, tasa lambar ta haura biliyan 6 da miliyan 834 da kaɗan. Abin da ya sa wannan ya zama babban al'amari shi ne, ƙwayar siziyom ta Njamena da ta Faris da ta Tokiyo duk lambarsu ɗaya, jiya da yau da gobe. Ba ta tsufa, ba ta lalacewa, babu maƙerin da zai ƙera ta da kuskure.

A da, da juyawar duniya ake auna sakan. Sai masana suka lura cewa juyawar ba ta tsaya a kan ƙa'ida ɗaya ba, wani lokaci ta ɗan yi sauri, wani lokaci ta ɗan yi nawa. A 1955 wani masani a Ingila mai suna Louis Essen, tare da abokin aikinsa Jack Parry, suka haɗa agogon siziyom na farko mai aiki sosai. A 1967 babban taron ƙasashe kan ma'aunai ya zauna a Faransa ya yanke cewa daga ranar, sakan ɗaya shi ne tsawon lokacin da waccan igiya ta siziyom ke ɗauka ta kaɗa sau 9,192,631,770. Har gobe a kan haka ake. Agogon Chadi yana gaba da agogon duniya da awa ɗaya, shi kuwa agogon duniya wani ofishi ne a garin Sebur kusa da Faris yake lissafa shi, daga ɗaruruwan agogunan zarra da ke ƙasashe daban-daban.

Kada wani ya ce wannan ƙwaƙƙwafi ne na waɗanda suka ƙoshi. Taswirar da ke cikin wayarku, da jirgin da ke sauka a filin jirgin saman Hassan Djamous, suna dogara da taurarin GPS da ke shawagi a nisan kilomita kimanin 20,200 daga ƙasa, kowannensu ɗauke da agogon zarra. Wayar tana gane inda take ne daga lokacin da saƙon kowane tauraro ya ɗauka kafin ya iso. Igiyar rediyo tana cin kilomita kusan 300,000 a sakan, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan zai kautar da mutum da mita 300. Mai neman bakin kogin Shari sai ya tsinci kansa a tsakiyar ruwa.

Yanzu mu zo kan sanyi.

Abin da muke kira zafi, motsi ne na ƙwayoyin zarra. A watan Afrilu, lokacin da zafin Njamena ke haura digiri 40, ƙwayoyin iskar da muke shaƙa suna gudun kusan mita 500 a sakan. Ko a sanyin hunturu na Janairu gudun bai ragu da wani abin kirki ba. Abin da ke irin wannan gudu kuwa ba ya tsayawa a auna shi da kyau, kafin ka haska masa igiya ya wuce. Iyakar sanyi, inda motsi ke kai wa ƙarshen raguwarsa, ita ce digiri 273.15 ƙasa da sifili. Babu wanda ya taɓa kai wa can, amma an matsa kusa da ita ƙwarai.

Abin mamaki, da haske ake sanyaya su. Haske yana da ɗan ƙarfin turi, ƙanƙane ne a wurinmu, amma babba ne a wurin ƙwayar zarra. Ana zuba ƙwayoyin a cikin wani bututu da aka zuƙe iskar cikinsa, a haska musu hasken leza ta fuska 6: gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. An daidaita launin hasken ta yadda ƙwaya ba za ta haɗiye shi ba sai idan tana tunkararsa. Duk inda ta nufa ke nan, hasken da ke gabanta zai tare ta ya rage mata gudu. Kafin sakan ɗaya ya cika, abin da ke gudun ɗaruruwan mita ya koma rarrafen 'yan santimita, zafinsa kuma ya sauka zuwa 'yan kashi cikin miliyan na digiri sama da waccan iyaka. A kan wannan aiki aka ba mutum uku kyautar Nobel a 1997: Steven Chu da William Phillips na Amurka, da Claude Cohen-Tannoudji na Faransa, wanda a nahiyarmu aka haife shi, a birnin Kustantina na Aljeriya, a 1933. A 1995 kuma, a garin Bolda na Amurka, Eric Cornell da Carl Wieman suka ƙara gaba. Suka tsare ƙwayoyin rubidiyom da maganaɗisu, suka riƙa amfani da igiyar rediyo suna korar waɗanda suka fi zafi, har waɗanda suka rage suka sauka zuwa kashi 170 cikin biliyan na digiri, suka dunƙule suka zama abu ɗaya mai hali ɗaya, kamar yadda lissafin Bose na Indiya da Einstein ya nuna tun shekaru 70 kafin nan.

Da aka sami ƙwayoyi masu natsuwa, sai agogo ya canja kama. A 1991 André Clairon da abokan aikinsa a Faris suka nuna yadda za a yi da siziyom. Ana tara ƙwayoyin masu sanyi, a cilla su sama kimanin mita ɗaya. A hanyar hawa su ratsa ta wani ƙaramin gwangwanin tagulla da ke cike da igiyar maikirowef, su kai ƙololuwa, su juyo, a hanyar saukowa su sake ratsawa ta cikinsa. Tsakanin ratsawar farko da ta biyu akwai kimanin rabin sakan. Wannan dabara ta haskawa sau biyu, Norman Ramsey ne ya fito da ita a 1949. A cikin wannan rabin sakan ƙwayar tana ƙirga nata bugun, akwatin igiya yana ƙirga nasa, idan suka sake haɗuwa sai a ga ko lissafinsu ya zo ɗaya. Idan akwatin ya yi gaba ko ya yi baya, adadin ƙwayoyin da suka juya zai nuna, sai kwamfuta ta gyara masa zama. Agogon irin wannan da Amurka ta ƙaddamar a 2014 sai ya yi shekara miliyan 300 kafin ya yi kuskuren sakan ɗaya.

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Idan ana ba da labarin waɗannan ɗakunan bincike, leza ake nunawa a hoto, saboda ita ce mai kyan gani. Amma ƙwayar zarra ba ta ba da amsa sai an yi mata tambaya, kuma akwatin igiya ne mai tambayar. Idan muryarsa tana rawa, amsar ma za ta zo da rawa.

Yaya ake haɗa shi? Ana farawa da ɗan guntun dutsen kwaz, irin wanda ke cikin agogon hannu. Na agogon hannu yana kaɗawa sau 32,768 a sakan idan batir ya taɓa shi. Na ɗakin bincike an yanka shi ne ya kaɗa sau miliyan 5 ko 10 ko 100, an kuma rufe shi a cikin ɗan ƙaramin murhu da ke riƙe zafinsa wuri ɗaya dare da rana, domin canjin zafi yana canja bugunsa. Daga nan sai a ninka. Ku ɗauki miliyan 100, a ninka shi sau 92, ya zama miliyan 9,200. An kusa da lambar siziyom, amma an ɗan wuce ta. Sai a kawo wani guntun lantarki da ke ƙirƙiro igiya da lissafin kwamfuta, a ce masa ya ba da 7,368,230. A gauraya igiyoyin biyu a wata na'ura da ke fitar da bambancin da ke tsakaninsu. Ɗalibai masu biro a hannu, ku ɗebe 7,368,230 daga 9,200,000,000, za ku ga lambar siziyom ta fito cif. Amfanin wannan ƙaramin guntu shi ne ana iya matsa lambarsa gaba ko baya da ɗan ƙanƙanin kashi na bugu ɗaya, nan take, da umarnin kwamfuta. Shi ne hannun da ke murɗa akwatin.

Wahalar tana wurin tsabta. Babu igiyar da ke kaɗawa daidai wa daida, kullum akwai 'yar gargada, wani bugu ya ɗan riga lokacinsa, wani ya ɗan makara. Idan ka ninka igiya sau 92, gargadar ma ka ninka ta. Saboda haka injiniyan wannan aiki rayuwarsa duka yaƙi ne da ƙananan abubuwa: wutar lantarki da ba ta tsaya wuri ɗaya ba, waya da ta ɗan saki, fanka da ke girgiza tebur, ƙofa da aka buɗe iska mai zafi ta shigo, da igiyar da ke yoyo ta wani ɗan rami ta taɓa ƙwayoyin a lokacin da bai kamata ba. Duk mai gyaran rediyo ko waya a Kasuwar Gero ya san irin waɗannan matsaloli a ƙaramin mataki. Ya san dalma idan ba ta kama ba, ya san layin da ya tsage a kan allon waya wanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsa. Ilimin iri ɗaya ne, zurfinsa ne ya bambanta.

To, ina ruwan Tafkin Chadi a cikin wannan zance?

Dattawanmu sun ga tafkin a farkon shekarun 1960 yana da faɗin murabba'in kilomita kimanin 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. A garin nan, tun ana kiransa Fort-Lamy, shugabannin Chadi da Kamaru da Nijar da Najeriya suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a ranar 22 ga Mayu 1964, kuma har yau a nan hedikwatarta take. Mun kuma ga ɗaya fuskar al'amarin a 2022 da 2024, lokacin da kogunan Shari da Logon suka cika suka batse, mutanen Waliya da sauran unguwannin bakin ruwa suka kwashe kayansu. Ruwan sama muna ganinsa, na kogi muna auna shi da sanda. Wanda ya fi wuyar sani shi ne wanda ya nutse ƙarƙashin ƙasa, alhali shi ne rijiyoyinmu da famfunanmu ke sha daga gare shi.

Ruwa yana da nauyi, duk abu mai nauyi kuma yana da ƙarfin ja. Idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ƙaru, ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa a wurin yana ƙaruwa, amma da ɗan mitsitsi: ƙarin ruwa mai kaurin santimita 10 yana ƙara ƙarfin jan da kimanin kashi 4 cikin biliyan. Ana auna wannan ta hanya biyu, kuma duka biyun akwai igiyarmu a ciki.

Ta farko daga sama ce. A 2002 Amurka da Jamus suka harba taurari biyu masu suna GRACE, ɗaya na bin ɗaya da ratar kilomita kimanin 220, suna aika wa juna igiyar maikirowef don auna ratar da ke tsakaninsu. Idan na gaba ya zo saman wuri mai nauyi, sai ƙasa ta ɗan fizge shi, ratar ta canja da abin da bai kai kaurin gashi ba, igiyar ta nuna. Sun yi aiki har 2017, aka harba magadansu a 2018. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya yi amfani da bayanansu, ya nuna cewa a shekaru 20 da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, ruwan ƙarƙashin ƙasar yankin ma ƙaruwa yake yi. Labari ne mai daɗi. Sai dai idon tauraro faɗi gare shi, yana haɗa ɗaruruwan kilomita ya ba da lamba ɗaya. Ba zai gaya wa manomin Bol ko na Masakori halin da ƙasan gonarsa ke ciki ba.

Ta biyu a ƙasa ake yin ta. Daga 2008 masana daga Faransa da abokan aikinsu na yankin nan sun gudanar da wani aiki mai suna GHYRAF, suna yawo da na'urar auna ƙarfin jan ƙasa a Wankama kusa da Yamai, da Bagara kusa da Diffa a cikin kwarin tafkinmu, da Jugu a ƙasar Binin, suna auna bambancin rani da damina. Na'urarsu wani ɗan madubi take saki ya faɗo a cikin bututu, ta auna saurin faɗuwarsa. Tana da kyau, amma abin da ke faɗuwa ana ɗaga shi yana gogewa, dole a riƙa hutar da ita.

Ita sabuwar na'urar, ƙwayoyin rubidiyom masu sanyi take saki su faɗo, su kuwa ba sa gogewa. Mark Kasevich da Steven Chu ne suka fara nuna hanyar a 1991. Yayin da ƙwayoyin ke faɗowa ana haska musu leza sau uku, da haske biyu waɗanda bambancin kaɗawarsu ya zama daidai da lambar rubidiyom, wato biliyan 6 da miliyan 834 da ɗoriya. Akwatin igiya ne ke riƙe wannan bambanci. Ga kuma wurin da ya fi burge ni: da yake ƙwayoyin suna ƙara gudu a faɗuwarsu, lambar da suke amsawa tana gocewa, dole akwatin ya bi su yana matsa tasa lambar da kimanin miliyan 25 a kowane sakan. Gwargwadon saurin da ya bi su da shi har suka dace, shi ne ma'aunin ƙarfin jan ƙasa a wurin. Wato amsar tambayar ruwa, daga jikin akwatin igiya ake karanta ta. Wani kamfanin Faransa mai suna Muquans ya ƙera irin wannan na'ura da ake iya ɗauka a mota, a 2020 kuma aka girka ɗaya a kan dutsen Etna mai aman wuta a Italiya, tana sauraron motsin abin da ke cikinsa. Na'urar da ta zauna a kan dutse mai aman wuta, ban ga abin da zai hana ta zama a bakin Tafkin Chadi ba.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu: garin da ake ɗauke wuta, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ina shi ina ɗakin ƙwayoyi masu sanyi? Gaskiya ne, cikakken ɗakin bincike yana son wuta tsayayya da sanyi tsayayye da kuɗi masu yawa, kuma ba zan ce muku gobe za a gina shi ba. Amma ra'ayina shi ne, kuskure ne mu jira ɗakin kafin mu koyi aikin. Ɓangaren igiya shi ne ƙofar da ta fi kusa da mu. Manyan akwatunan kamfanoni irin su Keysight da Rohde & Schwarz suna da tsada, shi ya sa ɗakunan bincike da yawa suke haɗa nasu da guntayen lantarki na kasuwa, kuma da yawansu sun wallafa zanen aikin a intanet kyauta. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ke kamo saƙon GPS ta fitar da igiya mai kaɗawa sau miliyan 10 wadda agogunan zarra na sama ke gyara mata zama. Da ita da batir da farantin hasken rana, ɗalibi a Farsha yana da ma'aunin da zai gwada duk igiyar da ya haɗa da hannunsa. Wanda ya ƙware a nan, ko bai taɓa ganin ƙwaya mai sanyi ba, kamfanonin waya da filin jirgin sama da gidajen rediyo da talabijin suna bukatarsa. Ranar da na'urar auna ruwa ta iso ƙasar nan kuma, idan ta sami matsala ba sai an naɗe ta an mayar Turai ba.

Saboda haka ina kira ga malaman tsangayar kimiyya ta Jami'ar Njamena, wadda ke ɗaukar nauyin ilimi a ƙasar nan tun 1971, da su ba ɗalibai ayyukan ƙarshen karatu a kan haɗa igiya da auna tsabtarta, su kuma nemi haɗin gwiwa da cibiyar ICTP ta Tiriyasta a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masanan ƙasashe irin namu. Ina kira ga Hukumar Tafkin Chadi da ta sa auna ƙarfin jan ƙasa a cikin tsarinta na sa ido kan ruwa, ta kuma tabbatar akwai 'ya'yan yankin a cikin masu riƙe na'urorin. Iyaye kuma, yaron da kuka ga yana kwance tsohuwar rediyo yana leƙa cikinta, mace ce ko namiji, ku ƙarfafa masa gwiwa a kan lissafi da kimiyya, ku bar shi ya zauna wurin mai gyara bayan an tashi makaranta. Ku kuma ɗalibai, lissafin nan na ɗebewa da na ba ku, ku yi shi yau da dare, sannan ku gwada na rubidiyom: a ninka miliyan 100 sau 70, nawa za a ɗebe a sami miliyan 6,834? Ku aiko mana da amsa, za mu karanta a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.